Sunan Baffa

Ranar Talata da hantsi ina zaune cikin mota a inuwar katangar gidan Madam a Aziziya, wayata ta yi ƙara. Jikan Baffana ne daga gida. Matarsa ta sauka da asuba, an samu namiji, uwa da ɗa suna lafiya. Na yi masa barka, na yi addu'a, har na fara tsokanarsa cewa jiya-jiya nake share masa majina, ga shi yau ya zama uban wani. Bai yi dariya ba.

Ya ce, "Baba, magana ce da ni. Sunan kakana nake so in sa wa yaron. Surukina ya ce muddin jikansa ne, ba za a kira shi da sunan mutumin da ya sayar da 'yan'uwansa ba. Kai kaɗai ka rage a cikin waɗanda suka zauna da shi. Ka faɗa mini gaskiya kafin ranar suna. In ƙazafi aka yi masa, wallahi ko garin duka zai taru a kaina sai na sa. In kuwa ya aikata, sai in haƙura."

Na ce ya ba ni 'yan kwanaki. Ban gama mayar da wayar aljihu ba Madam ta fito da jakarta da tulin takardunta, ta ce "Yalla," wato mu tafi, na tayar da mota. Ban san yadda na kai ta makaranta ranar ba, hannuna ne kawai ya san hanya.

Madam Ba'amurkiya ce, tana koyarwa a wata jami'a a nan Doha, ni kuwa direbanta ne shekara uku ke nan, kamfanin kafil ɗina, wato wanda ya tsaya mini na shigo ƙasar aiki, shi ne ya haɗa mu. Mace ce mai kirki, ba ta da raini, amma tana da ciwo guda, wato kakan kakanta. Littafi take rubutawa a kansa, kuma ba ta da wanda take karanta wa sai ni, saboda na yi makaranta a zamanin da ake cusa wa yaro Turanci da bulala, sannan direba ba shi da wurin gudu in an shiga cunkoso. A haka na san wani Bature da ya mutu fiye da shekara ɗari, sanin da ban yi wa uban da ya haife ni ba. A gona aka haife shi, a wani ƙauye da babu komai sai masara. Bai ga ƙofar babbar makaranta ba. Wani tsohon lauya ne ya ɗauke shi yana kwafar masa takardu, shi kuma yana karance littattafan shari'ar da ke kan kanta har ya ƙware. Ya sayi doki, ya riƙa bin alƙali gari-gari, duk inda aka zauna shari'a ya tsaya wa mai rikicin iyakar gona ko wanda aka ce ya saci saniya. Da yaƙi ya ɓarke tsakanin Kudunsu da Arewarsu a kan maganar bayi, ya tara samarin garinsu ya shige musu gaba, aka harbe shi a cinya, ya dawo yana ɗingishi. Ɗingishin nan ya yi masa rana, da shi ya ci zaɓen majalisar jiharsu, da shi ya wuce ta ƙasa. Kuma duk a rubuce yake. Akwai wasiƙar da ya aika wa matarsa daga fagen fama yana kukan wake ya ishe shi, safarsa ta yage. Akwai takardar likitan da ya ciro harsashin. Akwai jawabansa, akwai hotonsa da gemu har ƙirji. Ɗan Madam sunan mutumin yake amsawa, shi ne na huɗu a jere, har lamba suke maƙalawa a ƙarshen sunan kamar gidajen ma'aikata.

Tun ranar da ta fara ba ni labarin nan raina ya ɓaci, ban kuma nuna mata ba. Ba ita ta yi mini laifi ba. Tafiyar mutumin ce ta yi kama da ta Baffa, yayan mahaifina, sai dai shi Baffa babu ko ƙyallen takarda da ya rage a bayansa.

Gida ɗaya muka tashi, babban gidan ƙasa mai zaure biyu, sashen Baffa a gabas, namu a yamma. A zamanin ba agogo ke tashin mutum ba. Kafin ka buɗe ido ka ji guga tana dukan ruwa a rijiyar tsakar gida, ka ji taɓarya biyu suna amsa wa juna a turmi ɗaya, ka ji maƙerin bayan gidanmu ya fara buga uwar maƙera. Aikina na safe shi ne in share zaure, in yayyafa ruwa, in kwance akuyoyi in miƙa su bakin gari, sannan in hura wa Baffa gawayi a dutsen guga, don shi ko rigar zama a ƙofar gida sai an goge masa ita, halin da ya kwaso daga soja. Kowa ya san tarin kowa a layinmu. In wata tsohuwa ba ta fito shara ba, kafin rana ta ɗaga an leƙa ta. Yanzu kuwa a Madinat Khalifa nake kwana, mu biyar a ɗaki, na'urar sanyaya ɗaki tana gurnani dare da rana har ka manta akwai wata ƙara a duniya. Shekarata shida a benen nan, ban san sunan mutumin da ke ƙofar da ke kallon tamu ba. Gidan can ma da nake yabo na ji an sayar da rabinsa, an yi shagunan cajin waya.

Lauya ake ce wa Baffa, alhali bai taɓa sa baƙar riga ba, bai taɓa zama a aji ba. Tun kafin a haife ni yana da tabarma a gindin durumin da ke bakin zauren alƙali, da kurtun tawada da alƙalamin kara. Talakan da aka ƙwace wa gona ko aka kama wa jaki sai ya zo ya durƙusa, Baffa ya saurare shi tsaf, ya rubuta masa ƙara da ajami, sannan ya koya masa yadda zai tsaya gaban alƙali, abin da zai faɗa da abin da zai haɗiye. Bakin nan nasa ya ishi masu gari. Da Turawa suka nemi mazajen da za a kai yaƙi, sunansa aka fara miƙawa. Aka zuba su a jirgin ruwa sai ƙasar Bama. Ya dawo bayan shekaru da akwatin ƙarfe, da takalman soja, da kunnen dama da ya daina ji, shi ya sa duk mai magana da shi sai ya zauna ta hagunsa. Da aka kafa jam'iyyar talakawa a garinmu, shi aka ba sakatare, tun da shi ne mai alƙalami, kuma a hannunsa sunayen 'yan jam'iyya suke. Wata ranar kasuwa da safe 'yan doka suka bi gida-gida suka kwashe mutum tara, har da shi. Bayan 'yan makonni aka sako shi shi kaɗai. Sauran suka yi shekara da wani abu a ɗaure, ɗaya daga cikinsu, wani tela, a can ya cika. Kafin shekara ta zagayo sai ga Baffa zaune a majalisar gari tare da mutanen da suka ɗaure su. Babu wanda ya tambaye shi yadda aka yi, garin ya riga ya yanke hukuncinsa.

Hukuncin garinmu ba na duka ba ne, ba na zagi ba. A layinmu magidanta ciyayya suke yi, bayan magariba kowane gida a fito da akushi, a zauna tabarma ɗaya a ci tare, kuma tun zamanin kakanmu a ƙofar gidanmu ake shimfiɗa tabarmar. Rana ɗaya kawai aka ga an shimfiɗa ta a ƙofar gidan maƙeri. Ba a ce da Baffa kada ya zo ba, ba a kuma ce ya zo ba. Mahaifina, ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, can yake kai akushinsa, in ya dawo ya tsaya a bakin zaure ya ce, "Yaya, an wuni lafiya," kansa a ƙasa, ya shige. A haka na buɗe ido na gan su. Shekara ashirin Baffa yana cin tuwo shi kaɗai a zaure, bayansa a miƙe, ya gama ya wanke hannu ya yi hamdala da ƙarfi kamar yana cikin taro. A masallaci da kan yatsu ake ba shi hannu. An haifi maza ba iyaka a danginmu a cikin shekarun nan, an sa sunan mahauta, an sa sunan masu kiwon tattabaru, an sa sunan mutanen da ba su taɓa tsinana wa kowa komai ba, amma ko ɗaya ba a sa wa sunansa ba.

Na gama kwalejin horon malamai ina ɗan shekara ashirin da wani abu, ina zaune a gida ina jiran aiki. Lokacin ni ne ni. Wando mai faɗin ƙafa, suma tum a kai, rediyo a kafaɗa, ina jin duk garin babu wanda ya kai ni wayewa. Wata rana bayan la'asar Baffa ya kira ni zaure, ya ce in zauna ta hagunsa. Ya jawo akwatin ƙarfen nan ya buɗe, marfin ya yi wani kuka da har yau in na ji ƙofa mai tsatsa sai na tuna. Takardu ne cike, ƙulli-ƙulli, kowanne an ɗaure shi da tsirkiyar fata.

Ya ce, "Tun ranar da aka ɗauke tabarmar nan nake rubutawa. Komai yana ciki. Yaran da ke tasowa ba za su iya karanta ajami ba, kai ma da kyar kake haɗa baƙi. Ni zan riƙa karantawa, kai kana juya shi da boko. Kullum bayan la'asar, in Allah ya kai mu."

Na ce to, don ba a ce wa Baffa a'a. Ya sayo mini littattafan rubutu guda huɗu da biro. Muka fara. Amma mutumin nan daga ina ya fara? Daga kakansa. Daga yadda aka haƙa rijiyar gidanmu. Sannan shari'o'in gindin durumi ɗaya bayan ɗaya, wane ne ya zo da wace ƙara, me alƙali ya ce. Sannan jirgin ruwa, da aman da suka yi ta sheƙawa, da ruwan saman Bama da ba ya ɗaukewa, da matsattsakun da ke shiga takalmi, da alfadaran da suke ja a cikin laka, da wani abokinsa Bazazzagi da suka binne ba likkafani. Yana karantawa a hankali, yatsansa a kan layi, ni kuwa ina jin ihun 'yan ƙwallo daga filin makaranta, ƙafata tana ƙaiƙayi. Bayan la'asar fa, lokacin da samari ke wanka su fita. Abokaina suka sa mini suna sakataren maci amana. In na iso dandali a makare sai su ce, "Yau kuma sunan wa aka bayar?" Ina dariya tare da su, don kada a ce ina bayansa. Allah ya yafe mini wannan dariyar.

Ranar da haƙurina ya ƙare na ajiye biro na ce, "Baffa, ka tsallake zuwa maganar kamun nan mana. Ai ita mutane suke son ji."

Ya juyo da kunnen hagu sosai, ya ce in maimaita. Na maimaita, muryata ta yi ƙasa. Ya dube ni ya daɗe.

Ya ce, "Kai ma ita kake son ji. Za mu zo wurin. In na ba ka ita yau, da kunnen mutanen gari za ka ji ta. Ka bari in kai ka can da ƙafata, ka ga hanyar da na bi."

Wata uku muka yi. Mun dawo daga yaƙi, an kafa jam'iyya, an ba shi sakatare, saura ƙulli biyu a akwati. Sai ga wasiƙa daga wani abokina a Kaduna, wai masaƙa tana ɗaukar akawu, in zo maza. Na ce da Baffa mako biyu zan yi in dawo, in ma an ɗauke ni zan riƙa zuwa ƙarshen wata. Bai hana ni ba. Ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Ka bar littattafan a nan." Aka ɗauke ni aikin. Kaduna ta yi mini daɗi, ga sinima, ga wutar lantarki, ga babu wanda ya san ni ɗan gidan wane ne. Wata bakwai ban leƙa gida ba. Sau biyu yana aiko mini da saƙo ta bakin wani direban babbar mota ɗan garinmu, saƙon kuma iri ɗaya ne: "Ka ce masa saura ƙulli biyu." Na farko na aika masa da sabulu da sukari. Na biyu ban aika da komai ba, na ce a ce masa ina nan tafe. Da kaka, ana cikin yankan gero, ya kwanta kwana huɗu ya rasu.

Ranar sadakar uku na iso. Zauren babu cika, waɗanda suka zo ma saboda mahaifina suka zo. Bayan an shafa fatiha dattawa suka ce a fito da kayan mamaci a gani, tun da ɗansa ɗaya ne namiji kuma bai mallaki hankalin kansa ba tukuna, shi ne mahaifin wannan da ya kira ni. Aka fito da riguna, da takalman soja, da dutsen guga, aka jawo akwatin. Liman ya kwance ƙulli ɗaya, ya duba kan shafi, ya ɗaga na biyu, ya ɗaga na uku. Baffa ba ya fara shafi sai da bisimilla, kuma yana yawan kawo aya a tsakiyar magana.

Liman ya ce, "Wannan ba abin da za a bar wa ɓeraye da yara ba ne. Sunan Allah ne a kowane shafi. A yi masa yadda aka saba."

Yadda aka saba a garinmu shi ne, duk takardar da ke ɗauke da sunan Allah in ta tsufa ko mai ita ya mutu, ba a zubar da ita, ba a barin ta ta wulaƙanta. Sai a naɗe ta a farin ƙyalle mai tsarki, a ɗaura dutse, a zura ta a tsohuwar rijiyar bayan masallaci wadda aka daina sha. Girmamawa ce. Na ga an yi wa tsofaffin shafukan Alƙur'ani haka tun ina yaro, ban taɓa ganin aibinsa ba. Amma liman ya fi kowa iya ajami a garin, kuma bai karanta ko layi biyu ba. Har yau ina tambayar kaina, tsoron Allah ne ya sa ya yi saurin rufewa, ko tsoron kada ya ci karo da sunan wani da ke zaune a zauren. Dattawan nan kuwa kowa ya ce haka ne, haka ne, da sauri, babu wanda ya kalli wani.

Mahaifina ne kaɗai ya juyo ya dube ni. Ya ce, "Kai ne kake zama da shi. Akwai abin da za a ajiye a ciki?"

Ga ƙulli biyun nan a gefen akwati, na gane su, fatarsu ta fi ta sauran sabunta. Hannu kawai zan miƙa. Na ce, "Babu."

Na daɗe ina gaya wa kaina kunyar dattawa ce ta kama ni. Ƙarya nake yi. Tsoro na ji. A wata ukun nan na fara son mutumin, son da ban yi niyya ba, kuma na ji tsoron in buɗe in tarar ya rubuta da hannunsa cewa shi ya ba da sunayen. Na ga gara in zauna ban sani ba. Ni aka ɗora wa ƙunshin a ka saboda ni ne saurayi a wurin, ni na kai shi bayan masallaci, liman ya yi addu'a, na sake shi. Rijiyar tana da zurfi, sai da na ɗan jira kafin in ji ƙarar ruwan, ita ma ba wata mai ƙarfi ba.

Littattafan bokon nan huɗu kuwa, na ce a raina ai suna nan, in na huta zan nema. Da na zo hutun sallah na aika a sayo mini ƙosai a maƙwabta. Ina buɗe takardar na ga rubutuna, mai ya jiƙe shi, daidai inda jirgi ya bar gaɓa suna kallon ƙasa tana ƙanƙancewa. Mata ne suka tsince su a ƙarƙashin gado, suka ga boko ne, babu sunan Allah da za a ji tsoro, suka ba mai ƙosai. Ka ji yadda muka yi da mutumin nan. Wanda ya rubuta da hannunsa mun girmama shi har ya nutse, wanda na rubuta kuma mun ci ƙosai da shi.

Kwanakin nan da jikansa ya ba ni, ban ci abincin kirki ba. Ranar Juma'a bayan an sauko na ba abokin ɗakina labarin, wani ɗan Zangon Kumasi da ke gadi a unguwar Nu'aija. Ya saurara yana cin shinkafarsa, ya ce, "Alhaji, kai ma kana wahalar da kanka. Ka gaya shi ƙarya aka yi wa tsohon, khalas, magana ta ƙare. Wa zai tashi daga kabari ya ƙaryata ka? Yaro ya samu suna, tsoho ya samu mai ɗaukar sunansa." Wallahi maganar ta shige ni. Na kwana biyu ina juya ta, har na shirya yadda zan faɗa, cewa Baffa ya karɓi kujerar ne don ya fito da sauran, cewa wani ne can ya kai sunayen. Zai ma iya zama gaskiya. Sau da yawa na yi wa kaina wannan tatsuniyar ina tuƙi.

Ranar Lahadi da safe muna kan hanya na tambayi Madam abin da ban taɓa tambayarta ba. Watanni kaɗan kafin nan ta samo wata wasiƙar kakan nata da ta hana ta magana yini guda. Bayan yaƙinsu, baƙaƙen fatar da aka 'yanta su suka tsaya masa ya ci zaɓe, suna tafiya a ƙasa daga gonaki don su jefa masa ƙuri'a. Da iska ta juya, sai ya sauya jam'iyya, ya sa hannu aka toshe musu hanyar zaɓen, shi kuma aka ba shi kujerar alƙali. A wasiƙar ya rubuta wa ƙaninsa dalilinsa ƙarara, babu ko kunya.

Na ce, "Madam, da kika gano ya ci amanar mutanen nan, kin yi da-na-sanin sa wa ɗanki sunansa?"

Ta ce, "Na ji zafi. Amma yanzu na san sunan wa yake ɗauke da shi, mai kyau da marar kyau. Duk zan sa a littafin, ɗana ya karanta ya yi hukunci da kansa." Sai ta leƙo ta madubi ta ce, "Ku fa? Kakanninku ba su bar takardu ba?"

Na ce, "Sun bari, Madam. Mun ajiye su inda ɓera ba zai taɓa ba."

Ta ce madalla, ta koma kan karatunta. Ni kuwa baƙin ciki ya kama ni. Ga mutumin da laifinsa ya tabbata da rubutun hannunsa, an yi ta maimaita sunansa har sau huɗu, ana shirin buga masa littafi, kuma ko zaginsa za a yi da hujja za a zage shi. Nawa kuwa, ba ni da abin da zan wanke shi, ba ni da abin da zan kama shi. A nan na san ba zan iya yi wa yaron ƙarya ba. Mutanen gari sun yanke wa Baffa hukunci ba su tambaye shi ba. In na wanke shi da labarin da na ƙaga, ni ma ban tambaye shi ba ke nan, shi da ya roƙe ni abu ɗaya tak, in zauna in ji.

Ranar Litinin da azahar, bayan na sauke Madam, na sami inuwa a wurin ajiye motoci na kira jikan Baffa. Ina jin hayaniyar mata a bayansa, ana ta shirin gobe.

Na ce, "Ban sani ba."

Ya ce, "Baba, kamar yaya ba ka sani ba? An ce wata uku kana zaune da shi kana rubutu."

Na faɗa masa duka, ban rage ba. Kaduna, saƙon direba, ƙulli biyu, tambayar mahaifina da amsar da na bayar, rijiya, ƙosai. Bai katse ni ba. Da na gama ya matsa daga cikin hayaniyar, na ji ya rufe wata ƙofa.

Ya ce, "To a zuciyarka fa, me kake gani?"

Na ce, "Zuciyata tana ce mini bai aikata ba. Amma ita ce dai ta sa na ce babu abin ajiyewa. Kada ka je gaban surukinka da ita."

Ya yi magana a hankali, babu faɗa a muryarsa, da ma faɗan ya yi mini da ya fi sauƙi.

Ya ce, "Baba, maza uku Allah ya ba ka. Babu surukin da ya hana ka. Me ya sa ba ka sa wa ko ɗaya ba?"

Ya jira ni. Daga baya ya ce, "Shi ke nan, Baba. Allah ya jiƙansa," ya yi mini sallama da ladabi kamar kullum.

Washegari da safe hotuna suka shigo wayata, ga rago, ga jama'a cike da ƙofar gida, ga jaririn a naɗe cikin farin tawul. An raɗa masa sunan mahaifin surukin, wani dattijo mai sayar da hatsi da bai taɓa ɓata wa kowa ba. Na rubuta masa Allah ya raya, na sa wayar a aljihu, na fita na buɗe wa Madam ƙofa.